Ƙaramin Jirgin Sama Mai Alkafura

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ga wani ɗan bayani da na ke so in kawo muku game da ƙananan jiragen sama waɗanda a ke ginawa da hannu, a tashe su da rediyo, su yi ta alkafura a sama ba kowa a ciki. Na san wani zai ce, ina ruwan mai koyon aikin malanta da wasan yara? To, ni ma da haka na ɗauke shi, sai da wata yarinya 'yar aji shida ta ƙure ni gaban malamin da ya zo duba aikina. Ku yi haƙuri ku ji yadda aka yi.

Sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni sai aka tura ni wata makarantar firamare a Shadawanka, nan Bauchi, ba nisa da barikin soja. Yawancin yaran ajina 'ya'yan soja ne, ko wane da garinsu, Hausa ce ta haɗa su. Ran nan darasi ya kawo mu kan iska da abubuwan da ke tashi a cikinta. Na zana fiffiken jirgi a allo, bisansa da tudu, ƙarƙashinsa a shimfiɗe. Na gaya musu abin da na haddace tun ina makarantar mishan, watau wai tudun nan shi ne ke ɗaga jirgi, domin iskar da ta bi ta bisa hanyarta ta fi tsawo, tilas ta yi sauri ta tarad da 'yar'uwarta da ta bi ta ƙasa. Yara suka ce, "E, Malam." Ina cikin jin daɗi sai yarinyar nan ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, ni na ga wani jirgi a wayar yayana ya kife, cikinsa na duban sama, yana ta tafiya abinsa. In tudun ne ke ɗaga shi, ai da ya kife sai tudun ya ja shi ƙasa. Me ya hana shi faɗowa?"

Aji ya yi tsit. Na dubi allo, na dubi littafi, ban ga amsa ba. Na ce mata ta zauna, lokaci ya ƙure. Da aka tashi, malamin da ya zo duba ni ya kira ni gefe, ya ce, "Darasinka ya tsaru, amma yarinyar nan ta fi ka gaskiya. Zan komo bayan mako uku. Ka nemo mata amsa, gabana za ka ba ta."

Inda na samo amsar

A unguwar da na sauka akwai wani dattijo, tsohon makanikin jirgin sama, ya daɗe da barin aiki, yana ɗan gyaran janareta da injin ban ruwa don kada hannu ya mutu. Na sha wucewa ta ƙofar gidansa ina gaishe shi, amma ban taɓa shiga ba. Da abin ya dame ni sai na tuna matambayi ba ya ɓata, na je na yi sallama, na ce, "Baba, sannu da hutawa. Wata tambaya ce ta fi ƙarfina." Da ya ji tambayar sai ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, ɗaga kanka."

Na ɗaga kai, sai ga wani ƙaramin jirgi rataye da igiya a zauren, ja da fari, ƙura ta rufe shi. Daga bakin wannan fiffike zuwa wancan ƙafa 5 ne. Baba ya ce shi ya gina shi da hannunsa yana saurayi, lokacin da aka tura shi kos Ingila, inda ya tarad da makanikai suna wannan wasa ran Lahadi. Muka sauko da shi muka share. Daga ran nan kullum da la'asar ina zauren nan, yana nuna mini, ni kuma da dare in koma in yi ta karatu. Abin da na samu ke nan zan tsakuro muku.

Asalin abin

Farkon abin da ya kamata mu sani shi ne, ƙaramin jirgi ya girmi babba. A 1804 wani Bature na Ingila, Sir George Cayley, ya gina ɗan ƙaramin jirgi marar inji, da fiffike da jela, ya jefa shi ya yi lilo ya sauka. A 1871 Alphonse Pénaud ya tashi wani a birnin Paris, wanda murɗaɗɗiyar roba ke juya farfelarsa. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka tashi jirgi mai inji ran 17 ga Disamba 1903, da irin wannan abin wasa suka fara, mahaifinsu ya kawo musu tsaraba a 1878 suna yara. Mu nan kuwa, ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka sauka Kano, sun taso daga Masar.

Sa wa ƙaramin jirgi rediyo kuwa, waɗanda aka fi tunawa da su wajen fara shi waɗansu tagwaye ne na Amurka, Walter da William Good. Ɗaya gwanin gina jirgi, ɗaya gwanin rediyo. Suka haɗa kai a 1937 suka yi wani jirgi mai suna Guff, faɗin fikafikansa ƙafa 8, suka yi ta cin gasar ƙasarsu da shi. Yana nan ajiye a gidan tarihin jiragen sama na birnin Washington.

Da rediyo ya ƙara kyau sai mutane suka daina gamsuwa da a tashi a kewaya a sauka, suka shiga gwada gwaninta. A 1960 aka yi gasar duniya ta farko ta alkafura a Dübendorf, kusa da Zurich ta ƙasar Suwizalan, Ed Kazmirski na Amurka ya ci da jirginsa Orion. A 1967 aka yi ta a tsibirin Kosika, Phil Kraft ya ci da Kwik-Fli III. Daga baya Hanno Prettner na ƙasar Ostiriya ya ci ta har sau 7, farawa daga 1977 da jirginsa Curare. Jiragen wannan zamani su a ke kira na gargajiya yanzu, kuma akwai ƙungiyoyi a Amurka da Ingila waɗanda ba su da aiki sai su nemo tsofaffin zane-zanensu, su sake gina su, su yi gasa da su. Na Baba irinsu ne.

Yadda a ke gina shi

Da na ɗauki jirgin na yi mamaki, domin duk girman nan nasa bai wuce laba 6 ko 7 ba. Asirin yana ga icen. Sunansa balsa, galibi daga ƙasar Ekwado ta Kudancin Amurka a ke kawo shi, kuma dangin rimi ne da kuka da gurjiya. Yana da saurin girma ƙwarai, a kan sare shi tun bai shekara 10 ba, ga shi sakwat, har ka iya lotsa shi da farce. Wanda ya taɓa riƙe farin cikin tukurwa ko na karan dawa ya san irin rashin nauyin da na ke nufi.

A kan fara da zane, wanda aka yi daidai da girman jirgin, a shimfiɗa shi bisa katako mai sumul, a rufe da leda don kada gam ya kama shi. Fiffike shi ne babban aiki, ginin kuwa kamar rufin soro ne. Akwai dogon ice mai ƙarfi da ya ratsa shi daga wannan baki zuwa wancan, shi ne azara. Sa'an nan a yanka haƙarƙari wajen 20 ko fi, a jera su bisa azarar, tsakanin ko wane da ɗan'uwansa inci 2 ko 3, a kafe su da allura har gam ya bushe. Bayan wannan sai gangar jiki, wadda ta ke kamar dogon akwati mai tsukewa ta baya, a sa katako mai ƙarfi a goshinta inda za a ɗaura inji. Sai jela, mai kashi biyu, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye. In an gama sai a goge da samfefa, a rufe da siliki, a shafa wani irin fenti mai sa yadin ya ɗame kamar fatar kalangu. Wajen 1966 aka fito da wata leda da a ke mannawa da dutsen guga, aikin ya yi sauƙi.

Baba ya ce wata uku ya yi yana gina nasa, kuma ba yankan ne ya ci lokacin ba, awo ne. In fiffike ya murɗe ko da kaurin ashana ne, jirgin zai riƙa karkata gefe ɗaya har ranar da zai faɗi. In fiffike ɗaya ya fi ɗaya nauyi, alkafurarsa ba za ta taɓa fita da'ira ba.

Akwai wurare uku masu motsi, waɗanda aka ɗaura da 'yan ƙananan hinji, ni na kan kira su leɓɓa. Na bayan jela ta kwance shi ke ɗaga goshin jirgi ko ya sunkuyad da shi. Na bayan jela ta tsaye shi ke karkata goshin dama ko hagu. Na bayan fikafikai guda biyu ne, in ɗaya ya hau ɗaya sai ya sauka, su ke sa jirgi ya mirgina. Ku tsaya wata rana ku dubi shirwa tana shawagi bisa kwata, ku lura da yadda ta ke murɗa wutsiyarta, za ku ga aikin nan duka.

Amsar tambayar

Yanzu ga inda maganar ta ke. Baba ya ce in tsuguna in dubi fiffiken daga gefe. Da na duba sai na ga tudun bisa da na ƙasa daidai su ke, kamar ƙwayar gurji da aka miƙe. Ba inda ya fi wani. In da abin da na koya wa yara gaskiya ne, da jirgin nan ko tashi ba zai yi ba.

Ya aika aka karɓo faifai daga cikin gida, ya kunna fanka, ya ce in riƙe faifan a kwance gabanta. Ban ji kome ba. Ya ce in ɗan ɗaga bakinsa na gaba. Nan da nan na ji faifan na neman ƙwacewa ya yi sama. Ya ce in kifa shi, in sake ɗaga bakin gaba. Ya sake yin sama, kamar dai na farko. Ya ce, "To, Malam, faifai ya san cikinsa da bayansa?"

Ashe abin ke nan. Fiffike yana tafe ne da bakinsa na gaba a ɗan ɗage, yana karkatad da iska yana tura ta ƙasa. Shi kuwa kome ka tura, shi ma yana turo ka, kamar yadda mai kwalekwale ke tura ruwa baya shi ya yi gaba. Iskar da ke ƙarƙashin fiffiken tana danno shi da ƙarfi, ta bisa kuwa dannawarta ta ragu, bambancin nan shi ke riƙe da jirgi. Gaskiya ne iskar bisa ta fi sauri, amma zancen wai tilas ta tarad da ta ƙasa a bakin baya, wannan ba shi da tushe. Masana sun gwada da hayaƙi, sun ga ta bisa riga ta ƙasa isa ta ke yi. Tudun fiffike yana da amfani, yana sa iska ta bi jikinsa lami lafiya, ya ƙara ɗagawa, amma ba shi kaɗai ne dalili ba. Saboda haka in jirgi ya kife, matuƙi sai ya ɗan ɗaga goshin jirgin wajen sama, fiffike ya ci gaba da tura iska ƙasa. Jirgin alkafura kuwa da gangan a ke yi masa fiffike mai tudu biyu daidai, don kifewa da miƙewa su zama ɗaya a gare shi.

Amma abin yana da iyaka. In aka ɗaga bakin fiffike ya wuce kima, wajen digiri 15, sai iskar bisa ta saki jikinsa ta hargitse, ɗagawar ta sare gaba ɗaya, jirgi ya sunkuya ya faɗo. Yawancin jiragen masu koyo nan su ke mutuwa, wajen sauka, an rage gudu ana ta jan goshi sama.

Inji da rediyo

Injin jirgin Baba bai fi dunƙulen hannu ba. A gasar wancan zamani ba a yarda cikinsa ya wuce sisi 10 ba, watau cokalin shayi biyu, amma yana juya farfela fiye da sau dubu 10 a minti guda. Ba ya shan fetur. Abin da ya ke sha wani irin sifirit ne mai suna metanol, a gauraya shi da man zurma, zurman nan dai da ke fitowa a bayan gidajenmu, wanda waɗansu ke kira cika gida. An zaɓi man zurma ne don yana jure zafi, kuma yana garwaya da sifirit ɗin. Fulogin ma dabam ne. Wata 'yar waya ce siririya a ciki, a sa mata batir ta yi ja, in inji ya kama sai a cire batir, tururin man da zafin injin su riƙe ta da ja. Wani Ba'amurke, Ray Arden, ya fito da wannan fulogi a 1947. Masu wasan na yanzu da yawa sun koma injin lantarki da batir, ba ƙara, ba maiƙo.

Rediyon kuwa kashi biyu ne, akwatin aikawa a hannun matuƙi, na karɓa a cikin jirgi. Na farkon farko maɓalli ɗaya gare shi. Ka danna sau ɗaya jirgi ya yi dama, ka danna sau biyu ya yi hagu, murɗaɗɗiyar roba ce ke jan leɓen, in ta warware kuwa shi ke nan, sai kallo. Bayansa aka yi mai amo. Akwatin hannu ya aika da amo iri iri, a cikin jirgi kuma akwai waɗansu 'yan ƙarafa jere kamar haƙoran mataji, har 10 ko 12, ko wane da amon da ke girgiza shi, in ya girgiza sai ya tad da ɗan injin da ke jan leɓe guda. Wahalarsa ita ce ba ya san kaɗan ba, ko leɓe ya tafi duka ko ya tsaya, sai matuƙi ya yi ta ƙyasta maɓalli da yatsa. Wajen tsakiyar shekarun 1960 aka sami irin wanda a ke amfani da shi har yanzu, mai 'yan sanduna biyu. Gwargwadon yadda ka tura sanda, gwargwadon yadda leɓe zai motsa, kamar linzami a hannun mahayi.

Da can in mutum biyu suka kunna rediyo a kan zango ɗaya, sai saƙonsu ya cakuɗe, jirgi ya rasa wanda zai bi, ya faɗi. Don haka a ko wane fili a kan ajiye allo da alamu, ba mai kunna nasa sai alamar zangonsa na hannunsa. Daga wajen 2005 aka sami rediyon da ke gane akwatinsa shi kaɗai, wannan damuwa ta ragu.

Yadda a ke tashinsa

Ba a fara koyo da jirgin alkafura. Jirgin koyo fiffikensa a bisa ya ke, bakunansa a ɗan ɗage sama, in iska ta karkata shi sai ya komo daidai da kansa, kamar jakin da ya san hanyar gida. Na alkafura kuwa dokin sukuwa ne. Inda ka sa shi nan zai bi, in ka karkata shi ka saki, a karkace zai tafi har ƙasa. Gudunsa ya kan wuce mil 60 a awa.

A kan tashi a kuma sauka ana fuskantar iska. Abin da ya fi rikita mai koyo shi ne, in jirgi ya juyo yana fuskantarka, damarsa ta zama hagunka. In kuma ya kife, jan sandar da ke kai shi sama da, yanzu ƙasa zai kai shi. Baba ya ce jirginsa na farko nan ya ƙare. Ya kifa shi, ya firgita, ya ja sanda, aikin wata biyu ya koma kwando guda na tsinke.

A wajen gasa ba a yin abin da aka ga dama. Akwai jerin siffofi da aka tsara, ko wane matuƙi ya bi su bi da bi. Akwai alkafura ta ciki, jirgi ya zana da'ira a sama kamar bakin rijiya a tsaye. Akwai ta waje, wadda ya ke yi da bayansa a wajen da'irar ta juye, cikinsa na duban tsakiya sabanin ta farko ta fi wuya. Akwai mirgina, da mirgina mai tsayawa huɗu, da zana lamba 8. Akwai juyin Immelmann, rabin alkafura da rabin mirgina, wanda aka sa wa sunan wani matuƙin Jamus na Yaƙin Duniya na Farko. Akwai kuma wanda a ke sarad da jirgin da gangan, ya faɗo yana juyi kamar katantanwa, sa'an nan a tare shi. Alƙalai suna zaune bayan matuƙi, suna ba da maki daga 0 zuwa 10 a kan ko wace siffa. Abin da su ke dubawa, da'ira ta fita da'ira, layi ya miƙe, jirgi ya fita daidai inda ya shiga. Ku duba, ashe darasin lissafin siffofi ne a ke rubutawa a sama.

Namu na kara

Rediyon Baba ya daɗe da mutuwa, man zurma kuma ya daskare a injin. Ko da ma suna aiki, ya ce ba mai hankalin da zai tashi irin wannan abu a gindin bariki. A 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Nijeriya ta ba da sanarwa cewa kada a tashi jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa. Ban da doka ma, farfelar nan tana yanke yatsa, jirgi mai laba 6 kuwa in ya faɗa wa yaro ba ƙaramin rauni zai yi masa ba. Saboda haka muka shirya yin namu marar inji, marar rediyo, na jefawa da hannu. Yaranmu da ma gwanayen motar kara ne, ba sai an koya musu riƙon reza ba. Ga yadda muka yi, ko wani zai so ya gwada.

Ka sami sillen kara busasshe, miƙaƙƙe, mai tsawon inci 16, shi ne gangar jiki. Ka fere ɓawon wani karan siri siri, ka haɗa firam mai tsawon inci 16 da faɗin inci 4, ka sa 'yan haƙarƙari a tsakani, ka manna takardar jarida da ƙaro ko gam, ka danne da littattafai ya bushe a shimfiɗe. Wannan shi ne fiffike. Ka yi jela ta kwance mai inci 6 da inci 2, da ta tsaye mai inci 2 da rabi, da ɗan kwali marar nauyi. Ka ɗaura fiffiken da zare wajen inci 4 daga goshi, jela kuwa can ƙarshe. Ka ɗan lanƙwasa bayan jela ta kwance sama kaɗan.

Saura abu guda, wanda ya fi duka, ni kuwa shi na raina. Na jefa na farko gaban Baba, sai ya ɗaga goshi sama, ya tsaya cik, ya faɗo da baya, fiffike ya karye. Baba ya ce, "Ka auna shi?" Na ce a'a. Ya ce, "Mai nauyin goshi tashi ya ke yi da ƙyar, mai nauyin jela kuwa sau ɗaya ya ke tashi." Ga awon. Ka raba faɗin fiffike huɗu, ka sa yatsu biyu ƙarƙashinsa a kan kashi na farko daga gaba, watau inci 1 ko ɗan fi kaɗan. Jirgin ya tsaya bisa yatsunka kamar sikeli. In jela ta rinjaya, ka soka ƙusa a goshin karan, ko ka manna laka, har ya daidaita. Wannan ka'ida ɗaya ce ga jirgin kara da na Baba da wanda ke ɗaukar alhazai, shi ya sa a ke auna kayan fasinja a kuma tsara inda za a loda su.

Ka jefa shi da sassafe kafin iska ta taso, balle lokacin hunturu. Kada ka wurga shi sama kamar dutse, ka tura shi gaba a hankali, goshin na ɗan duban ƙasa.

Ranar da malamin ya komo, Baba ya yi mini abin da ban zata ba, ya ba ni aron jirginsa. Yara biyu suka ɗauko shi, duk unguwa na biye da mu. Na ce wa aji, "Abin da na gaya muku ran nan ba daidai ba ne, 'yar'uwarku ce ke da gaskiya." Ko wane yaro ya zo ya shafa fiffiken ya ga tudu biyu. Muka fita fili da faifai, suka yi ta gudu da shi suna kifawa. Sa'an nan na ba yarinyar jirgin kara ta jefa, ya yi lilo ya sauka wajen taki 12. Na ce ta kifa shi, ta mayad da lanƙwasar jela ɗaya gefen, ta sake jefawa. Ya tafi a kife, bai kai na farko nisa ba, amma ya tafi. Yara suka ɗauki sowa. Ita kuwa ba ta yi sowa ba, sai ta ce, "To, Malam, jirgi mai saukar ungulu fa, da ba shi da fiffike?" Malamin ya dube ni ya yi murmushi. Na ce mata, "Ban shirya wannan ba tukuna, amma ran Litinin za mu duba tare."

Shawarata

'Yan'uwa, ba da daɗewa ba ko wanenmu zai tsaya gaban yara 50 ko fi, abin da ya faɗa kuwa shi za su ɗauka su tafi da shi. Ni shekara goma na yi ina ɗauke da kuskuren nan, na ci jarrabawa da shi, saura kaɗan in raba wa yara, don ban taɓa riƙe fiffike a hannuna ba. Gani ya kori ji.

Kada kuma mu ce abin ya yi nisa da yaranmu. Makarantar koyon tuƙin jirgin sama tana Zariya tun 1964. A Kaduna sojan sama sun nuna jirgi marar matuƙi da injiniyoyinsu suka yi, Gulma a 2013, da Tsaigumi a 2018, ga sunayen ma na Hausa. Waɗanda za su yi na gaba suna cikin azuzuwan da za a ba mu.

Don haka ina roƙon Shugaban Kwaleji da malaman sashen kimiyya su yarda mu kafa ƙungiyar masu gina ƙananan jirage. Mu fara da na kara da na roba, waɗanda ba su cin kuɗi. In hannunmu ya faɗa, sai Kwaleji ta nema mana izini wurin hukuma, da fili nesa da bariki da filin jirgi da gidajen mutane, mu haɗa kuɗi mu sayi rediyo guda, mu gina mai alkafura irin na da. Baba ya ce zanen jirginsa na nan cikin akwati, kuma in ana so zai zo ya nuna mana yankan haƙarƙari, muddin idonsa na gani. Wanda ke so ya same ni ɗakin kimiyya ran Asabar da hantsi, ya zo da reza da zare da sillen kara biyu.